Ka yi don ita: kashin The Simpsons da ya tsaya mini a rai

Ƙanina ne ya tura mini shi a waya, ya ce, "Yaya, minti ashirin da biyu ne kacal, in ka gama ka kira ni." Na bar shi kusan mako biyu ban buɗe ba, don ni a wurina katun kayan yara ne, kuma The Simpsons da na sani shi ne waɗannan mutanen masu launin ɗorawa da manyan idanu da ake yawo da hotunansu a Facebook ana cewa sun yi hasashen abin da zai faru a duniya. Wani dare da aka ɗauke wuta, yara sun yi barci, na sa abin sauraro a kunne na kunna. Daga ranar zuwa yau na kalle shi sau biyar, ɗaya tare da uwargida.

Sunan kashin "And Maggie Makes Three", wato da zuwan Maggie 'ya'ya sun zama uku. Shi ne na 13 a zango na 6, tashar Fox ta Amurka ta fara nuna shi ranar 22 ga Janairun 1995. Jennifer Crittenden ce ta rubuta, kuma shi ne kashi na farko da ta rubuta wa shirin, Swinton O. Scott III ya ba da umarni. Ga wanda bai san shirin ba, Matt Groening ne ya ƙirƙiro shi. Ya fara a matsayin gajerun zane a cikin wani shirin barkwanci a 1987, sannan ya tsaya da ƙafarsa a watan Disambar 1989, kuma har yau ana yi, an haura kashi 750. Iyali ne na mutum biyar a wani gari da ake kira Springfield: Homer maigida, Marge matarsa, Bart ɗan shekara 10, Lisa 'yar shekara 8, sai jaririya Maggie wadda kullum robar tsotso ke bakinta. Shekaru sama da 30 ke nan ba wanda ya ƙara ko wata ɗaya a cikinsu. Groening ya ɗauko sunayen ne daga gidansu: mahaifinsa Homer, mahaifiyarsa Margaret, ƙannensa mata Lisa da Maggie.

Labarin ya fara ne da abin da kowane gida ya sani yanzu. Kowa ya zuba wa talabijin ido, sai Marge ta ce a kashe, a zauna a yi hira kamar iyali. Aka ɗauko kundin hotuna. Ana cikin buɗawa Lisa ta lura babu hoton Maggie ko ɗaya. Ga Bart, ga ita, ga iyayensu, amma auta ko alamarta. Ta tambayi dalili. Duk abin da ya biyo baya amsar wannan tambayar ce, kuma ba a ba da amsar ba sai a daƙiƙun ƙarshe.

Homer ya mayar da su 1993. A lokacin yana aiki a tashar makamashin nukiliya ta garin, aikin da ya tsana kamar ransa, ƙarƙashin wani tsohon attajiri mai busasshiyar zuciya, Mista Burns. Ranar da ya karɓi albashin da ya cike masa biyan bashinsa na ƙarshe, ranar ya ajiye aiki. Kuma bai fita da sallama ba. Ya shiga ofishin mai gidan nasa, ya mayar da sanƙon kansa ganga yana kaɗawa, ya fice, da ya haye wata gadar katako sai ya cinna mata wuta. Turawa na da karin magana kan ƙona gadar da mutum ya bi, wato yanke hanyar komawa, su kuma masu shirin suka zana ta a zahiri. Mu a nan cewa muke wanda ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Homer ya ɗauka ya sani.

Abin da ya fara kama ni shi ne irin aikin da ya bar wancan dominsa. Ba babban muƙami ba ne. Yaron shago ya zama a gidan wasan bolin, wasan nan da ake gara ƙwallo mai nauyi a kan katako don ture sanduna goma, wanda kawun abokinsa Barney ya mallaka. Goge-goge, gyara sanduna, kula da takalman da ake ba 'yan wasa haya. Albashin bai kai na da ba. Amma ka ga fuskar mutumin nan yana tafiya aiki da safe, ka ga mutumin da aka sauke wa dutse daga ka. Ya zauna ya yi lissafi dalla-dalla: in dai bakuna huɗu ne a gidan, kuɗin zai isa, da sharaɗin a tsuke bakin aljihu. Ya tara iyali ya ce daga yau takardar bayan gida mai araha za a riƙa saya, kuma ɗaya ne kawai cikin yaran zai je jami'a. Bart ya fusata kan takardar, amma maganar jami'a daga shi har Lisa cewa suka yi ba komai. Na yi dariya a wurin, dariyar wanda ya taɓa zama da biro da takarda a daren da albashi ya shigo.

To, lissafin mutum daban, na Allah daban. A daren da suka fita murnar sabuwar rayuwa Marge ta samu ciki.

Daga nan kashin ya shiga sashen da ya fi ban dariya, kuma a nan ne na ga gwanintar marubuciyar. Marge ta kasa faɗa masa, don ta san abin da labarin zai rushe. Ta gaya wa yayyenta tagwaye, Patty da Selma, waɗanda ba su taɓa ƙaunar Homer ba, ta roƙe su kada su faɗa masa. Suka cika alkawari a baki: ba su gaya masa ba. Sai dai sun ɗauki littafin lambobin waya sun kira mutum biyu, na farkon littafin da na ƙarshensa, waɗanda su ne sarakan gulmar garin. Kafin gari ya waye kowa ya ji. Duk wanda ya taɓa zama a unguwa ya san irin waɗannan mutum biyun, ko ba a faɗi suna ba. Homer na tafe a titi ana ta yi masa barka, wasu ma ƙiri-ƙiri suke ambaton cikin, shi kuwa yana amsawa da fara'a, yana cewa ai lallai yana jin daɗin sabon aikin. Ya dawo gida ya tarar mata sun cika falo da kyaututtukan kayan jarirai, duk bai gane ba. Sai da wata maƙwabciya, a kan hanyarta ta fita, ta taya shi murnar sabon aiki, sannan ƙwaƙwalwarsa ta juya, ya kurma ihu cewa Marge ciki ne da ita. An gina barkwancin a hankali, hawa-hawa, aka ajiye juyin a daidai inda ba ka zata ba. Har an nuna mana asalin sanƙonsa: duk cikin da Marge ta yi, sai ya tuje gashin kansa don firgici, na Bart, na Lisa, har aka zo kan 'yan silin da suka rage.

A nan uwargida ta tsayar da ni. Ta ce, "Abban yara, wannan wane irin mutum ne, ana masa albishir yana ihu?" Kuma tana da gaskiya ta wani ɓangaren. Mu an rene mu a kan cewa haihuwa arziki ce, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Na yarda da haka har zuciyata. Amma na ce mata ta bari mu yi wa juna gaskiya: magidanta nawa ne aka yi wa wannan albishir suka ce alhamdulillahi da baki, da gaske kuma suke, amma da dare suka kasa barci suna lissafin kuɗin asibiti da ragon suna da hayar da ta kusa ƙarewa? Ba ma faɗa ne kawai, don kunya da tsoron kada a ce mun raina kyautar Allah. Homer ya yi ihun da wasunmu ke haɗiyewa. Shirin bai ce ya kyauta ba. Ya dai nuna tsoron a fili, kuma ganin sa a fili ya sa na ji sauƙin wani abu da na daɗe ina ɗauke da shi ni kaɗai.

Ya yi ƙoƙarin riƙe aikin da yake so. Ya nemi ƙarin albashi, mai gidan wasan ya ce sai in ciniki ya ninka sau uku. Dabarar tallan da ta zo masa ita ce ya tsaya a ƙofar gidan wasan yana harba bindiga sama yana kiran mutane su zo wasa. Kowa ya watse. Lisa ma ba ta yarda ba, ta ce mahaifiyarsu ta faɗi gaskiyar abin da ya faru, Marge ta sunkuyar da kai ta ce haka aka yi. Wannan wurin ya ɗan yi mini nauyi, don harbin bindiga a bainar jama'a ba abin da ke saurin ba mu dariya ba ne a shekarun nan. Na wuce shi. Dole ya bar aikin. Abokan aikinsa suka yi masa kyautar riga ta bankwana, yana fita ruwan sama mai guba na garin ya cinye ta a jikinsa.

Sai komawa. Wannan ne sashen da nake maimaitawa.

Ya isa tashar, aka tambaye shi ko sabon mai neman aiki ne. Ya ce a'a, ya bari ne ya dawo. Sai aka nuna masa wata 'yar ƙaramar ƙofa a ƙasa, ta masu zuwa roƙo, wadda ba a shiga sai da rarrafe. Ya rarrafa cikin ƙura da yanar gizo-gizo, ya fito a gaban teburin Mista Burns a kan gwiwoyinsa yana tari. Tsohon ya dube shi ya ce, ashe ka dawo da rarrafe. An ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma gaskiya ne, amma masu faɗin haka ba su cika bayyana yadda ƙasar take da zafi a gwiwa ba. Burns ya mayar da shi aiki, amma da hukunci: aka kafa wani allon ƙarfe a bangon da yake fuskanta kullum, don a karya ɗan abin da ya rage na ƙarfin zuciyarsa. A jiki an rubuta "Don't forget: you're here forever", ma'ana kada ka manta, kana nan har abada.

Ina da takardar ajiye aiki a cikin durowata a wurin aiki. Na rubuta ta shekara biyu da suka wuce, bayan wata rana da wani na gaba da ni ya yi mini tsawa a gaban yaran da ni na koya wa aikin, kan kuskuren da ba nawa ba. Na sa hannu, na bar gurbin kwanan wata. Niyyata in buɗe ɗan shagon littattafai da kayan makaranta, har na ga wurin, har na yi ciniki. A cikin watan uwargida ta gaya mini muna jiran ta uku. Takardar na nan a ƙarƙashin fayil, gefenta ya fara yin ja. Ba wanda ya kafa mini allo a bango, amma da na ga na Homer na gane rubutun.

Abin da ya sa nake ganin kashin nan ya fi ƙarfin a kira shi barkwanci kawai shi ne yadda aka bi da haihuwar. Homer ya je asibiti jiki ba laka. Ana cikin naƙuda yana magana da muryar wanda aka tilasta wa, yana cewa ga wani bakin nan tafe. Aka haihu, ya ɗaga babban yatsansa sama-sama ba tare da ya ko duba ba. Sai wani ɗan mitsitsin hannu ya kama yatsan. Shi ke nan. Ba wa'azi, ba dogon jawabi, ba wanda ya zo ya yi masa nasiha. Hannu ne ya riƙe yatsa. Dan Castellaneta, mai yin muryar Homer, ya sauke muryar ƙasa a wurin har ka manta zane kake kallo. Kuma don kada abin ya yi zaƙi da yawa, nan take aka jefo barkwanci: ya ɗauka namiji ne, likita ya ce masa igiyar cibiya ce yake gani, mace ce. Abin da ya biyo baya ya burge ni ƙwarai. Murnarsa ba ta ragu ko ƙwayar zarra ba, ƙaruwa ma ta yi, yana cewa ba a taɓa haifar yarinya mai kyanta ba a duniya. Na san gidajen da ake sauke murya in an ce mace aka samu. Ina so masu irin wannan hali su ga wannan minti ɗayan.

Aka dawo falo. Yara suka ce to, har yanzu ba a faɗa mana inda hotunan suke ba. Homer ya ce hotuna na nan da yawa, yana ajiye su ne a inda ya fi buƙatar abin da zai faranta masa rai. Sai aka nuna wurin aikinsa. Ya lulluɓe allon nan da hotunan Maggie, ya rufe wasu haruffa ya bar wasu, har rubutun ya koma "Do it for her", wato ka yi don ita. Daga "Don't" ya fitar da "Do it" ta hanyar rufe wani ɓangare na harafin N, daga "forget" ya bar "for", daga "here" kuma ya bar "her". Ko wanda Turancinsa bai yi nisa ba, in ya tsayar da hoton ya duba zai ga yadda aka yi.

Na tsayar da shi na daɗe ina kallo. Abin da na fi girmamawa shi ne ba a yi mana ƙarya ba. Burns bai tuba ba. Albashi bai ƙaru ba. Homer bai koma aikin da yake so ba, kuma ba a ce ya fara son wannan ba. Allon na nan daram a bango, duk haruffan muguntar suna nan a ƙarƙashin hotunan, gobe da safe ma zai zo ya zauna a gabansa. Da yawan finafinan da muke kallo, namu da na waje, da sun kawo wani attajiri a ƙarshe ya ba shi jari, ko a ce mugun ya faɗi ya mutu. Nan ba a yi haka ba, shi ya sa na yarda da su.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma dole in faɗa saboda masu niyyar kallo da iyali. Akwai wurin da Homer ya durƙusa yana addu'a, yana yi wa Ubangiji magana kamar yana ciniki da abokinsa, har da miƙa biskit da madara sannan ya cinye abinsa. Na fahimci wautarsa ake son nunawa, amma ni bai yi mini ba, kuma duk kallon da na sake sai na tsallake shi. Akwai kuma ɗan gajeren zanen yadda cikin ya shiga, da mashaya da Homer ke zuwa, da maganganu biyu ko uku na manya. Wannan ba katun ɗin da za ka miƙa wa ɗan shekara bakwai waya ka tafi ba ne. Tun asali don manya aka yi shi, ake nuna shi da dare. Ko da tashar MBC ta fassara shirin zuwa Larabci a 2005, sai da ta mayar da Homer ya zama Umar, giyarsa ta zama lemo.

Ƙorafina na biyu ya fi wannan girma, kuma uwargida ce ta nuna mini shi. Marge ce ke ɗauke da cikin, ita ce ke amai da safe, ita ce ta kwana da tsoron faɗa wa mijinta abin da ya kamata ya zama farin cikinsu su biyu. Amma labarin gaba ɗaya na Homer ne: burinsa, asararsa, sadaukarwarsa. Ba wanda ya tambayi abin da ita ta bari. Ta ce mini, "Shi an ba shi allo ya liƙa hoto. Ita fa, a ina za ta liƙa nata?" Ban sami amsa ba. Julie Kavner, mai muryar Marge, ta yi abin da za ta iya da 'yan layukan da aka ba ta, kana jin damuwar a cikin wannan muryar tata mai kaushi, amma minti 22 ba su ishi mutum biyu ba, kuma an zaɓi maigida.

Ta fuskar zane, wanda ya saba da katun na zamani mai sheƙi zai ga wannan ya tsufa. Da hannu aka zana shi aka shafa launi, layukan ba su cika daidaita ba, hoton kuma mai kusurwa huɗu ne irin na tsohuwar talabijin, don haka za ka ga baƙi a gefe da gefen waya. Ka bar shi haka, kada ka ja shi ya cika fuska. Lokacin da manhajar kallon finafinai ta Disney+ ta fara aiki a 2019 ta sa tsofaffin kashin a yanke sama da ƙasa don su cika faffaɗan allo, masu kallo suka yi ta ƙorafi cewa ana yanke musu barkwanci, sai a 2020 aka dawo da zaɓin kallon asalin. A kashi irin wannan da ƙarshensa ya dogara ga abin da ke rubuce a bango, kowane gefe na hoton na da amfani. Turancin kuma yana da sauri, da wasa da kalmomi. Akwai inda Burns ya ce za a ba Homer annoba, mataimakinsa Smithers ya gyara masa cewa allo ne, don kalmomin biyu sun yi kama a Turanci. Sai a kallo na biyu, da rubutu a ƙasa, na kama wannan. Ina ba da shawarar a kunna rubutun.

Na kira ƙanin nawa washegari kamar yadda ya ce. Bai tambaye ni ko ya yi kyau ba, cewa ya yi in nemi wani kashin na zango na 4, "Lisa's First Word", na watan Disambar 1992. Na nema. A cikinsa an nuna cewa Bart da Lisa, tun suna koyon magana, da sunansa suke kiran mahaifinsu, Homer, gatsal, abin da ko a mafarki ɗan Bahaushe ba zai yi ba, kuma abin na ci masa rai. A ƙarshen kashin ya kwantar da Maggie a gadonta, ya kashe fitila, ya ja ƙofa. Bayan ya fita ta zare robar daga bakinta ta furta kalmarta ta farko, da muryar shahararriyar 'yar fim Elizabeth Taylor. "Baba," ta ce. Shi kuma ya riga ya yi nisa, bai ji ba.